Fayil ɗin RAW da mayar da shi JPEG: me ke faruwa a tsakani, kuma me ake rasawa?

Tun da hotunan ƙirƙirarriyar basira suka cika intanet, duk hoton da aka yi jayayya a kansa sai ka ji wani ya ce, "A kawo RAW ɗin mu gani." Masu ɗaukar hoto kuma suna fama da abokan ciniki da ke cewa a ba su RAW, wai shi ne hoton asali mai kyau, wanda aka ba su kwafi ne kawai. Ga manyan wayoyi ma sun shigo da maɓallin RAW. Mutum ya danna, ya ɗauki hoto, ya tarar ya fi na kullum nauyi sau da yawa, ga shi a dushe, wata manhajar ma ta ƙi buɗe shi. To mene ne wannan fayil, kuma idan an ce an mayar da shi JPEG ko TIFF, me aka yi masa? Mutane da yawa sun ɗauka sauya suna ne ko sauya mazubi, hoton yana nan yadda yake. Nan ne kuskuren ya faro, domin kafin a mayar da shi babu hoton tukuna.

Abin da kyamara ke gani

A bayan gilashin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti mai kama haske. An jera masa ƙananan idanu miliyoyi, kowanne aikinsa ɗaya: ya auna yawan hasken da ya faɗo masa, ya ba da lamba. Kyamarar da aka ce megafiksel 24 ce, idanu miliyan 24 ke nan. Idanun ba sa gane launi. Haske kawai suka sani, mai yawa ne ko kaɗan.

Dabarar da aka yi don samun launi ta fito ne daga wani masanin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer, wanda aka yi wa rajistar ƙirƙirar a 1976. An ɗora wa kowane ido ƙanƙanin mataci mai launi ɗaya, ja ko kore ko shuɗi. A kowane rukuni na idanu huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. An ba kore kaso biyu saboda idon ɗan'adam ya fi tsinkayar haske da ƙananan bayanai a wannan ɓangaren. Har yau mafi yawan kyamarori da wayoyi a kan wannan tsari suke. Fujifilm ta ɗan kauce a wasu kyamarorinta tun 2012 da nata jerin mai suna X-Trans, wanda ke maimaita kansa a idanu shida-shida, shi ya sa wasu manhajoji suka daɗe suna shan wuya da fayilolinta.

Fayil ɗin RAW shi ne waɗannan lambobin, kusan yadda suka fito daga farantin, tare da bayanan da kyamara ta rubuta a gefe: wace kyamara ce, wane gilashi, ƙarfe nawa, tsawon lokacin da aka bar haske ya shiga, da saitin launin da mai ɗauka ya zaɓa. A kowane gurbi launi ɗaya ne kawai aka auna cikin ukun da hoto ke buƙata. Sauran biyun babu su a fayil ɗin. Sai an lissafo su.

Matakan da ake bi kafin hoto ya fito

Duk manhajar da ke buɗe RAW, ko ta cikin kyamara ce ko ta kwamfuta, sai ta bi wasu matakai, kuma a kowanne akwai zaɓi.

Na farko shi ne cike giɓin launi. Gurbin da ya auna kore sai a dubi maƙwabtansa ja da shuɗi a ƙiyasta nasa. A fili mai launi ɗaya kamar bango, wannan ba wuya. Inda ake gane gwanintar manhaja shi ne wurin gashi, ganyen bishiya daga nesa, ko riga mai siraran layuka. A can ne ƙiyasi ke kuskurewa, sai ka ga wasu launuka kamar bakan gizo suna rawa a kan rigar da ba ta da su. Kashi biyu cikin uku na launin da ke kowane hoton kyamara ƙiyasi ne irin wannan. Ƙiyasi ne mai kyau ƙwarai, amma kowace manhaja da yadda take yin nata.

Na biyu, daidaita fari. Hasken ƙwan lantarki na ɗaki yakan yi ruwan ɗorawa, na inuwa yakan yi shuɗi-shuɗi. Ƙwaƙwalwarmu tana gyara wannan ba tare da mun lura ba, farar takarda fara muke ganinta ko ina. Farantin kyamara bai san wannan ba. Dole a ninka lambobin ja da na shuɗi da wani adadi har fari ya koma fari. A RAW wannan adadin rubutu ne kawai a gefe, ana iya canza shi gobe ko baɗi ba tare da an taɓa ainihin lambobin ba. A JPEG kuwa an riga an ninka, an rufe.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa RAW ke fitowa a dushe. Faranti yana auna haske kai-tsaye: haske ya ninku, lamba ta ninku. Idonmu ba haka yake ba. Ƙarin fitila ɗaya a ɗaki mai duhu babban canji ne a wurinmu, ƙarin fitila ɗaya cikin goma kuwa da ƙyar mu lura. Saboda haka sai an lanƙwasa lambobin, an ɗaga masu duhu, an danne masu haske, kafin hoton ya yi kama da abin da ido ya gani. Yawan lanƙwasawar babu wata doka da ta ƙayyade shi. Canon na da nata ɗanɗano, Nikon na da nata, Sony ma haka, kuma mutane kan zaɓi kyamara saboda yadda take fitar da launin fata, alhali rabin abin a wannan lissafin yake.

Daga nan sai rage yashi-yashin da ke fitowa a hoton dare, kaifafa gefuna, gyara lanƙwasar da gilashi ke jawowa, da zaɓen faɗin launukan da za a zuba hoton a ciki. Wanda intanet ta saba da shi shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996. Akwai Adobe RGB na 1998 da ya fi shi faɗi wajen kore, masu buga hoto a takarda suna son sa. Amma idan ka fitar da hoto da shi ka tura inda ba a karanta alamarsa, launukan sai su fito a kwance kamar an wanke su.

Ga wani abu da ke ruɗa sababbin shiga. Ka buɗe RAW a Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, hoton ya bayyana da kyau, launi ya fito sosai, bayan daƙiƙa ɗaya sai ya ƙifta ya koma fari-fari. Babu abin da ya lalace. Kyamara tana cusa ɗan JPEG a cikin kowane RAW don a riƙa leƙawa, shi ne kake gani a bayan kyamara, shi ne kuma manhajar ta fara nuna maka kafin ta gama nata lissafin. Da ta gama sai ta ajiye fassarar kyamara ta kawo tata. Don haka ko mai ɗaukar hoton da ya ce RAW kaɗai yake ɗauka, JPEG yake kallo a allon kyamararsa.

Me ake zubarwa idan an koma JPEG

Yawancin kyamarori suna rubuta RAW da bit 12 ko 14, wato ma'aunin yawan matakan haske da fayil zai iya riƙewa. Bit 12 na nufin matakai 4,096 tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, bit 14 kuwa 16,384. JPEG da aka saba da shi bit 8 ne, matakai 256 ga kowane launi. Wannan ya isa ido idan an gama gyara. Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka so a sake gyara.

Ɗauki misalin mutum sanye da farar riga yana tsaye cikin rana, fuskarsa a inuwar hula. A JPEG rigar ta zama fari ɗaya, babu ninki, babu ɗinki, domin duk abin da ya haura mataki na 255 an yanke shi. Ka ja maɓallin rage haske, sai farin ya koma toka-toka amma ninkin ba zai dawo ba. A RAW sau da yawa bayanin yana nan, ka ja maɓallin sai ka ga zaren aljihu da inuwar maɓallan rigar suna fitowa. Fuskar ma haka: a JPEG idan ka ɗaga duhunta sai ta yi dabbare-dabbare, saboda matakai kaɗan ne aka bar wa duhu, yanzu kuma ka miƙe su. A sararin sama ma ana ganin wannan, shuɗin da ya kamata ya sauka a hankali sai ya zama layi-layi. Sai dai RAW ma yana da iyaka. Idan hasken ya cika idanun farantin har sun tumbatsa, babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a auna ba. Hoton da ya girgiza ko saitin gilashi ya kauce, shi ma RAW ba ya warkar da shi.

Bayan rage matakai sai matsewa. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel takwas a tsaye takwas a kwance, sannan ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai kula da su ba. Yakan kuma rage bayanin launi fiye da na haske, saboda ido ya fi yafe kuskuren launi. Dabara ce mai kyau matuƙa, ita ta sa hotuna suka iya yawo a intanet tun tana tafiyar hawainiya. Amma duk lokacin da ka buɗe JPEG ka gyara ka sake adanawa, ana sake zubarwa. Ka tura shi ta manhajar hira ta sake matse shi, wani ya ɗauki hoton allonsa ya tura gaba. Haka hotuna ke tsufa a intanet har ka fara ganin ƙananan murabba'ai a gefen fuska. Kwafar fayil daga memori zuwa kwamfuta dai ba ta rage komai, sake adanawa ne ke ci.

RAW kamar yadi ne da ba a yanka ba, JPEG kuma riga ce da tela ya gama. Daga yadin za ka iya fitar da riga iri-iri, amma ba a warware riga a samu yadin da aka fara da shi. Shafukan da ke tallar "mayar da JPEG zuwa RAW" suna sa wa fayil sabon suna ne da ƙarin nauyi, matakan da aka zubar ba sa dawowa. Haka nan wanda ya goge CR2, alamar RAW na Canon, a ƙarshen sunan fayil ya rubuta JPG bai mayar da komai ba, ya dai ruɗa kwamfutarsa.

Wane tsari za a mayar zuwa gare shi

Ya danganta da inda hoton zai je. Idan turawa ne ko ɗorawa a shafi, JPEG da sRGB, an gama magana. Ko ina yana buɗewa.

TIFF na wanda bai gama aiki ba ne, ko mai kai wa wurin bugawa. Kamfanin Aldus ne ya fito da shi a 1986, daga baya ya koma hannun Adobe. Yana iya riƙe bit 16 kuma ba ya zubar da komai wajen matsewa, amma nauyinsa ba wasa ba ne. Lissafin a fili yake: fiksel miliyan 24, kowanne launi uku, kowane launi bait biyu (wato bit 16), megabait 144 ke nan idan ba a matse ba. RAW ɗin da ya haife shi, mai launi ɗaya a kowane gurbi da bit 14, da wannan lissafin wajen megabait 42 ne ko da ba a matse shi ba. Wato ka mayar, fayil ya ninka fiye da sau uku, kuma duk da haka ka rasa wani abu, domin an riga an cike giɓin launi, an daidaita fari, an lanƙwasa haske. Wanda ya mayar da duk hotunansa TIFF ya goge RAW don "ajiya mai inganci" ya yi asara ta fuska biyu.

PNG ya fi dacewa da zane, tambari da hoton allo; ga hoton kyamara nauyi kawai yake ƙarawa. HEIC, wanda Apple ya mayar tsarin iPhone tun 2017, ya fi JPEG iya matsewa kuma yana ɗaukar bit 10, sai dai har yanzu akan ci karo da kwamfuta ko shafin da ba ya karɓarsa.

DNG kuwa wani abu ne daban, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Rikicin tsare-tsaren kamfanoni

RAW ba tsari ɗaya ba ne. Canon na da CR2 da CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, Panasonic RW2, Olympus ORF. Ko a kamfani ɗaya, sabuwar kyamara takan zo da ɗan canji, shi ya sa tsohuwar manhaja ke ƙin buɗe fayil ɗin sabuwar kyamara ko da harrufan ƙarshen sunan iri ɗaya ne. Yawancin kamfanonin ba sa wallafa cikakken bayanin tsarinsu. Masu rubuta manhajoji ne ke zama su warware shi da kansu. Wani mai suna Dave Coffin ya shafe shekaru yana wannan aiki da ƙaramar manhajarsa dcraw, kuma manhajoji da dama na kyauta a kan aikinsa suka ginu.

A 2005 an yi ce-ce-ku-ce lokacin da aka gano Nikon ta kulle bayanin daidaita fari a fayilolin kyamararta D2X. Masu ɗaukar hoto suka tambaya: hoton da na ɗauka da kyamarar da na saya, wa ke da makullinsa? Tambayar ba ta tsufa ba. Kamfani na iya rufewa ko ya daina kula da tsohon tsari, kuma hoton da aka ɗauka yau ana so jikoki su buɗe shi.

Adobe ya fito da DNG a 2004 a matsayin RAW na kowa da kowa, mai bayani a buɗe. Leica da Pentax sun karɓe shi, wayoyin Android da iPhone ma shi suke rubutawa. Manyan ukun, Canon da Nikon da Sony, sun tsaya a kan nasu. Akwai manhajar Adobe ta kyauta da ke mayar da fayilolinsu DNG, kuma wannan mayarwar ba irin ta JPEG ba ce, domin lambobin farantin suna nan. Masu goyon baya suna cewa fayil yakan ɗan ragu, gyare-gyarenka suna zama a cikinsa maimakon wani ɗan fayil na gefe da ke iya ɓata, kuma tsohuwar manhaja za ta iya buɗe hoton sabuwar kyamara. Masu adawa suna cewa manhajar kamfanin kyamararka ba za ta ƙara buɗe shi ba, wasu bayanan sirrin kamfani na iya zama marasa amfani, kuma wurin da ake neman fayil na asali a matsayin shaida ana iya ƙin karɓar wanda aka mayar. A ganina DNG yana da amfani a matsayin kwafi na biyu. Goge na asali saboda shi kuwa ganganci ne, tunda wurin ajiya yana ƙara araha, hoton kuma ba a sake ɗaukarsa.

Shin RAW shaida ce ta gaskiya?

Manyan hukumomi biyu na aikin jarida sun ba da amsoshi masu kama da kishiyoyin juna. Gasar World Press Photo da ke Amsterdam tana neman fayilolin asali daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe don a gwada da abin da suka miƙa. A 2015 ta fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda an ƙara ko an cire wani abu, ko an wuce gona da iri wajen gyara. A ƙarshen wannan shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gaya wa masu ɗaukar hoto masu zaman kansu da ke yi masa aiki su daina turo hotunan da aka sarrafa daga RAW, su turo JPEG ɗin da kyamara ta fitar da ɗan gyara kaɗan, saboda sauri da kuma rage damar canza abin da ya faru.

Idan aka duba da kyau, tsoronsu ɗaya ne. Dukansu sun san cewa a wajen mayarwa ne hannun mutum ke shiga. Ɗaya ta ce kawo abin da ka fara da shi mu gani, ɗayan ya ce bar kyamara ta yanke hukunci.

RAW shaida ce mai ƙarfi, ya fi JPEG wuyar ƙirƙira, amma ba hatimi ba ne. Ana iya shirya abin da za a ɗauka, ana iya ɗaukar hoton wani hoton, agogon kyamara kuma mai ita ne ke saita shi. Shi ya sa kamfanoni suka fara sa wa hoto sa-hannun lantarki tun daga cikin kyamara a ƙarƙashin tsarin C2PA, mai nuna asalin hoto da gyaran da aka yi masa. Leica M11-P ta 2023 ce ta fara fitowa da shi.

RAW na waya kuma sai an yi hattara da sunan. Abin da Apple ya kira ProRAW, wanda ya zo da iPhone 12 Pro a ƙarshen 2020, an riga an haɗa hotuna da yawa an cike giɓin launi kafin a rubuta shi a DNG. Yana ba da sararin gyara sosai, amma ya riga ya bi ta hannun lissafi. Dalili kuwa shi ne farantin waya ƙarami ne, kyawun hotonta daga haɗa hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido yake zuwa. Shi ya sa RAW na gargajiya a waya, wanda hoto ɗaya tak ake ɗauka, sau da yawa ya fi hoton kullum muni, musamman da dare.

Abin da ya shafi mai ɗauka da mai karɓa

Wanda ya ɗauki hayar mai hoto yana neman RAW, yawanci abin da yake so shi ne hoto mai cikakken girma wanda ba a matse ba, kuma wannan JPEG mai inganci ko TIFF ne. Idan aka ba shi RAW ɗari biyar zai tarar da fayilolin da ba a gama ba, masu cika waya, kuma kowace manhaja da kalar da za ta nuna masa. Masu hoto da yawa suna ƙin bayarwa saboda gyaran rabin aikinsu ne, ba sa son wani ya fitar da shi yadda ya ga dama da sunansu a kai. Mai biya shi ma yana da hujja idan yana son ajiya ta dogon lokaci ko yana da nasa mai gyara. Maganar a yi ta kafin a fara aiki, a rubuta, har da tsawon lokacin da mai hoton zai riƙe fayilolin.

Ga mai mayarwa da kansa, ba dole sai ya biya kuɗin manhaja ba. Canon na ba da Digital Photo Professional, Nikon na ba da NX Studio, Sony na da Imaging Edge, kuma su ne suka fi fitar da launi irin wanda ka gani a bayan kyamara. Darktable da RawTherapee kyauta ne ga kowa, sai dai suna son haƙurin koyo. Kyamarori da yawa ma suna iya mayarwa a cikinsu, ko su rubuta RAW da JPEG a lokaci ɗaya, wanda shi ne mafi sauƙi ga mai gaggawa.

Shafukan intanet masu mayarwa nan take suna aiki, amma su ne ke yanke duk waɗancan hukunce-hukuncen a madadinka, wasu ma ɗan JPEG ɗin da ke ciki kawai suke zarowa. Sannan ka miƙa wa wata kwamfutar da ba ka san mai ita ba cikakken fayil, da ranar ɗauka, da lambar kyamararka, da kuma, idan waya ce ko kyamara mai GPS, daidai wurin da kake tsaye. Wannan bayanin wurin yakan bi hoton har cikin JPEG idan ba a cire shi ba. Yawancin manhajojin kwamfuta suna da ɗan akwati a shafin fitarwa da ke cewa a cire bayanin wuri, kuma sau da yawa sai kai ka danna shi da kanka.